Me ya sa zumar ta ƙi amyata ta shiga tsagin dutse?

Malam Habu: Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun makon jiya, kuma ina neman masu sani su warware mini shi. Shekara shida ke nan ina kiwon zuma a gonata da ke bayan Naraguta, a wajen Jos. Ranar Talata da rana wani gungun ƙudan zuma ya sauka a reshen mangwaro, ya dunƙule wuri ɗaya kamar an rataye tulu. Ina da amya uku da ba kowa a ciki a kusa da wurin: biyu na ciyawa da aka shafe da kashin shanu, da akwatin katako sabo wanda na kashe kuɗi mai yawa a kansa. Kwana biyu suna rataye, kuma da idona na ga waɗansu suna shiga akwatin suna fitowa, har na sa rai. Ranar Alhamis da hantsi suka tashi gaba ɗaya, suka wuce amyoyin duka ukun, suka shige wani tsagin dutse da ke can gefen tudu. Wane ne ya yanke wannan shawara a cikinsu, kuma da wane ma'auni aka ga dutse ya fi akwatina?

Baba Audu: Wa alaikumus salam. Ɗana Habu, sannu da haƙuri. Mu yadda muka taso a wajen Toro, iyayenmu cewa suke sarkin zuma ne yake zaɓen gida, sauran kuma su bi shi. Abin da na tabbatar da shi da hannuna kuwa shi ne ƙanshi. Amyar da zuma ta taɓa zama a ciki ta fi saurin kamawa, shi ya sa muke goga tsohon kaki a ciki mu turara ta kafin mu ɗora a kan ɗorawa. Sabon katako yana da warin da ba su saba da shi ba.

Malama Rabi: Baba, Allah ya ƙara girma. Maganar kaki gaskiya ce, kuma binciken masana ya goyi bayanku a kanta. Amma ina neman afuwa in yi gyara kan batun sarki. Wadda muke kira sarki mace ce, ita ce uwar gida mai yin ƙwai, kuma a lokacin zaɓen gida tana tsakiyar dunƙulen ne ana kare ta, ba ta zuwa duba ko'ina. A gungun da ya kai ƙuda 10,000, ɗaruruwa kaɗan ne daga cikin tsofaffin ma'aikata suke fita leƙen gidaje. Wanda ya fara gane haka wani Bajamushe ne, Martin Lindauer, almajirin Karl von Frisch (shi von Frisch ne ya fassara rawar da ƙudan zuma ke yi don nuna wa 'yan'uwansa inda abinci yake, har ya sami kyautar Nobel a 1973). Bayan yaƙin duniya na biyu, lokacin da birnin Munich yake cike da rusassun gine-gine, Lindauer ya lura cewa waɗansu ƙudajen da ke rawa a jikin gungu sun yi buɗu-buɗu da ƙurar bulo, waɗansu kuma sun yi baƙi da kunkunniya. Mai neman fure ba ta dawowa da irin wannan datti. Sai ya gane cewa sun fito ne daga ramukan bango da bututun hayaƙi, wato gida suke tallatawa, ba abinci ba. Rawar ita ce ke nuna wuri: karkatar da take yi daga sama tana nuna kusurwar wurin daga rana, tsawon lokacin kaɗa jiki kuma yana nuna nisa. Ya riƙa karanta rawar yana faɗin inda za su je tun kafin su tashi, sannan ya bi su da gudu a cikin gari ya tarar da su a can.

Injiniya Nasiru: Malama, na karɓi wannan, amma bai amsa tambayar Malam Habu ba. Nuna wuri daban, auna daraja daban. Idan ni zan zaɓi gidan haya tsakanin Rayfield da Bukuru, dole in ga duka biyun in kwatanta. Shin kowace mai leƙe tana zagaya duk wuraren ne ta gwada su? Idan ba ta yi, to ina kwatancen yake faruwa? Ba na son mu lulluɓe abin da kalmar "shawara" alhali ƙila dace ne kawai.

Bulus: Yaya Nasiru, tambayarka ita ce zuciyar maganar, kuma a kanta nake karatu yanzu. Thomas Seeley na Jami'ar Cornell a Amurka ya ɗauki shekaru yana bin ta. Ya riƙa kai gungun zuma wani tsibiri mai suna Appledore a gaɓar jihar Maine, inda babu manyan bishiyoyi masu kogo, saboda haka akwatunan da ya ajiye su kaɗai ne zaɓi. Ya sa wa ƙudajen alamar fenti ɗaya bayan ɗaya domin ya san wacce ta je ina. Abin da ya gani shi ne yawancin masu leƙe wuri guda kawai suke sani. Kowacce tana shiga, ta yi ta tafiya a jikin bangon ciki tana fitowa tana komawa, kuma da wannan tafiyar take ƙiyasta girman kogon. Tana duba faɗin ƙofa, da tsayin wurin daga ƙasa, da ko iska na shiga. Ƙudajen da ya bincika sun fi son kogo mai cin lita 40, wato kamar jarka biyu masu lita 20, da ƙaramar ƙofa, a wuri mai tsayi.

Idan ta dawo, ba ta cewa wurina ya fi na wance, domin ba ta ga na wancen ba. Yawan zagayen rawarta ne yake ɗauke da darajar. Wadda ta ga akwati mai lita 40 tana yin zagaye kusan ninki uku na wadda ta ga mai lita 15. Mai doguwar rawa ta fi samun masu bin ta, su ma su je su duba da kansu, su dawo su yi tasu rawar gwargwadon abin da suka gani. Babu wadda take yin rawa don wurin da ba ta taka da ƙafarta ba. A wani gwaji an ajiye akwatuna biyar, huɗu masu lita 15, ɗaya mai lita 40, kuma a gwaji huɗu cikin biyar gungun ya zaɓi babban, ko da yake sau da yawa ƙananan aka fara ganowa. Wannan ya wuce dace.

Injiniya Nasiru: To me zai hana masu goyon bayan akwatin Malam Habu su kafe a kan nasu har abada? Mu mun san yadda taro yake watsewa idan kowa ya riƙe nasa.

Bulus: Abubuwa biyu ne. Na farko, kuma shi ya fi burge ni, kowace mai rawa tana rage zagayenta duk lokacin da ta je wurin ta dawo, har ta yi shiru gaba ɗaya, ko da wurin nata shi ne mafi kyau. Ba sai an rinjaye ta ba, ƙwazon ne yake sanyi da kansa. Wuri mai rauni yakan rasa masu tallata shi kafin ya sami sababbi, wuri mai kyau kuwa yana samun sababbi fiye da waɗanda suke yin shiru. Na biyu, Seeley da abokan aikinsa sun wallafa a 2012 cewa mai goyon bayan wuri ɗaya takan tunkuyi mai rawar wani wuri da kai tana fitar da ɗan gajeren sauti, kuma tunkuri bayan tunkuri yana sa mai rawar ta daina. Wannan ne yake raba gardama idan wurare biyu sun yi kunnen doki.

Hukuncin ƙarshe ma ba a jikin gungun ake yanke shi ba, a ƙofar sabon gidan ne. Idan masu leƙe suka ga 'yan'uwansu sun kai kamar 15 zuwa 30 a wurin a lokaci guda, sai su koma su ratsa cikin gungun suna wani siririn sauti da ke sa kowa ya ɗumama tsokar fuka-fukansa har zuwa digiri 35, sannan a tashi. Malam Habu, waɗanda ka gani suna shiga akwatinka da gaske suke, sun duba shi, ƙila har sun yi masa rawa. Adadinsu ne bai cika ba kafin na dutse ya cika.

Malam Ilyasu: Masha Allah. Tun da Malam Habu ya fara magana aya ta 68 a Suratun Nahl take yawo a zuciyata, inda Allah Maɗaukaki ya ce ya yi wa ƙudan zuma wahayi ya riƙi gidaje daga duwatsu, da bishiyoyi, da abin da mutane suke ginawa. Ku duba, ukun nan duka suna cikin gonarsa: dutse, da mangwaro, da amya. Malamai sun fassara wahayin nan da ilhami. Saboda haka ni ina ganin a yi hattara da cewa ƙwaro yana auna daraja ko yana yanke hukunci. An halicce shi ne da ma'aunin a jikinsa, yana bin abin da aka shiryar da shi a kai.

Malama Rabi: Allah ya gafarta Malam, ban ga saɓani tsakanin ilhami da abin da Bulus ya bayyana ba, domin ƙudan da bai taɓa neman gida ba a rayuwarsa ya san irin kogon da ya dace, ba wanda ya koya masa. Sai dai akwai wani ɓangare da yake nuna cewa ma'aunin ba a kafe yake kamar sikeli ba, yana motsi da abin da ƙwaron ya saba. A Jami'ar Regensburg ta Jamus, ɗakin binciken Tomer Czaczkes ya wallafa wani gwaji a 2019 a kan baƙar tururuwar lambu ta Turai. An saba wa waɗansu da ruwan sukari mai kauri, waɗansu kuma da tsararo. Daga baya aka ba su duka ruwa iri ɗaya, matsakaici. Waɗanda suka saba da mai kauri suka riƙa taɓawa suna janyewa, kuma da za su koma gida sai suka rage sinadarin da suke shafawa a hanya don kiran 'yan'uwa. Waɗanda suka saba da tsararo kuwa suka sha da marmari. Ruwa ɗaya ne, amma daraja biyu. Tun 1976 an ga irin wannan a ƙudan zuma a binciken Bitterman. Mutanen Regensburg ɗin sun kuma nuna cewa tururuwar da ta sha wahalar hawa kafin ta kai ga abinci ta fi son ƙanshin da ke tare da shi fiye da na wanda ta samu a sauƙaƙe, alhali zaƙin ɗaya ne.

Hajiya Talatu: Malama, wannan ai halin masu sayayya ne da nake gani kullum a Farin Gada. Wanda ya saba da tumatirin rani mai ƙwari, idan damina ta zo ka nuna masa matsakaici sai ya yatsina fuska, wanda kuwa ya fito daga inda ake tsada sai ya ɗauka yana godiya. Akwai ma abin da 'yan kasuwa suka sani: idan mutum yana ruwan ido tsakanin kwando biyu, sai a ajiye na uku wanda ya yi kama da ɗaya daga ciki amma bai kai shi kyau ba, nan take zuciyarsa ta karkata ga wanda ya fi na ukun. Shin ƙwari ma ana iya yi musu haka?

Bulus: Hajiya, an gwada daidai wannan. Takao Sasaki da Stephen Pratt a Jami'ar Jihar Arizona sun yi shi a 2011 da wata ƙaramar tururuwa mai zama a tsagin duwatsu, wadda take son gida mai duhu da matsattsiyar ƙofa. Suka ba ta gida biyu, ɗaya ya fi duhu, ɗaya ya fi ƙaramar ƙofa, yadda kowanne yana da abin da ya fi. Sannan suka ƙara na uku, kwatankwacin kwandonki na uku. Tururuwa guda, idan ita kaɗai ce take zaɓe, ta faɗa tarkon kamar yadda mai sayayya yake faɗawa. Amma da aka bar gidan tururuwar gaba ɗaya ya zaɓa, na ukun bai karkatar da su ba. Dalili shi ne tarkon yana aiki ne a kan wanda ya ga duka ukun yana kwatantawa, a cikin taro kuwa yawancinsu gida ɗaya kowacce ta gani, ta auna shi shi kaɗai. Ƙarancin sanin kowace ɗaya shi ya kare taron.

Injiniya Nasiru: Nan ne zan ja birki, ƙanena. Kuna ta nuna taro a matsayin mai hikima kullum, amma ni na san labarin da bai yi daɗi haka ba. A aikinmu na kwamfuta muna amfani da dabarar lissafin neman hanya mafi dacewa da Marco Dorigo ya fitar a 1992 daga halin tururuwa, kuma tushenta gwajin gada biyu ne da su Deneubourg suka yi a Brussels. Aka haɗa gida da abinci da hanya biyu, gajera da doguwa. Masu bin gajera suna saurin dawowa, sinadarinsu ya fi saurin taruwa, sai kowa ya koma can. Amma idan aka fara buɗe doguwar ita kaɗai har ta yi ƙarfi, sannan aka buɗe gajerar, sai su ci gaba da bin doguwar. Haka aka gani da abinci: idan sun riga sun kafa hanya zuwa mai rauni, mai kyau da ya zo daga baya yakan rasa masu zuwa. Wanda ya riga zuwa ne ya ci, ba wanda ya fi ba. Duk mai rubuta irin wannan manhaja ya san dole ya sa alamar ta riƙa gushewa da lokaci, in ba haka ba lissafin ya maƙale a amsar farko.

Malama Rabi: Injiniya, ka yi gaskiya, kuma ka lura cewa maganin da ka ambata shi ne wanda ƙudan zuma yake da shi, wato rawar da ke sanyi da kanta. Seeley ya taɓa ajiye wuraren shan sukari biyu, ɗaya mai kauri ɗaya tsararo, da rana ta yi tsaka ya musanya su, kuma cikin 'yan sa'o'i yawancin ma'aikatan suka koma inda kaurin ya koma. Sannan su Sasaki da kansu sun nuna a 2013 cewa taron tururuwa ya fi ɗaya iya zaɓe ne idan bambancin gidajen kaɗan ne, amma idan bambancin a fili yake, tururuwa ɗaya ta fi taro yawan dacewa, domin taro yakan ruga kan kuskuren waɗanda suka fara. Akwai kuma batun gaggawa. Nigel Franks na Jami'ar Bristol a Ingila ya nuna cewa irin wannan tururuwa tana fara jan 'yar'uwarta ɗaya-ɗaya zuwa sabon gida don ta gani da kanta, sai adadi ya cika a fara ɗaukar sauran a sama, wanda ya fi sauri kusan sau uku. Idan an rushe gidansu kuma iska tana kaɗa su, sai su rage adadin da suke jira, su yi sauri, kuskure kuma ya ƙaru. Gungun da ke rataye a mangwaro ma guzurin da ke cikinsa kawai yake ci, ba zai yi ta jira ba.

Baba Audu: 'Yata Rabi, na ji bayaninki kuma na yarda uwar ba ta zaɓe. Amma duk waɗannan ƙwarin Turawa ne. Tamu zumar ta fi zafi, kuma idan fure ya ƙare ko kiyashi ya dame ta, sai ta bar amya da saƙarta ta yi gaba. Na sha ganinta ta kafa saƙa a ƙaramin kogon da ko rabin jarka bai kai ba.

Bulus: Haka ne, Baba. Zumar ƙasashen sanyi tana bukatar babban ɗaki ne domin ta tara abincin da zai kai ta ƙarshen hunturu, watanni ba fure ko ɗaya. Tamu ba ta da wannan larura, saboda haka tana karɓar ƙaramin wuri kuma ƙaura ba ta yi mata wuya. Lita 40 ba doka ba ce a Filato. Kuma ko a nan Afirka ba kowane ƙwaro ne yake bin taro ba. Baƙar tururuwar nan babba da ke fita a jere tana kai wa gara hari, wadda da yawanmu muke kira gwano, an yi nazarinta a Mokwa tun shekarun 1970, daga baya kuma Erik Frank ya bi ta a gandun dajin Comoé na ƙasar Kwaddibuwa. A wajenta mai leƙe guda ɗaya ce take gano inda gara take, ta dawo ta ja ɗaruruwa a bayanta, kuma tana zaɓen hanyar da ta fi sauri ko da ta fi tsawo, misali fili maimakon cikin ciyawa. A nan ƙwaro ɗaya ne ya auna darajar hanya.

Malam Ilyasu: Na saurara da kyau. Ina nan a kan cewa asalin ma'aunin baiwa ce, amma na karɓi cewa abin da ƙwaron ya ɗanɗana jiya yana taɓa yadda yake ganin na yau. Wannan bai rage komai daga ayar ba a wurina.

Injiniya Nasiru: Ni kuma har yanzu ina ganin kalmar kwatance ba ta dace da gungun zuma ba, tunda babu ƙwaƙwalwa guda da ta riƙe zaɓi biyu. Tsere ne tsakanin adadi biyu, wanda ya fara cika ya ci.

Malama Rabi: Masu nazarin ƙwaƙwalwa za su ce maka a ƙwaƙwalwar biri ma kusan haka abin yake: rukunin jijiyoyi biyu suna tara shaida, kowanne yana danne ɗayan, wanda ya fara kai iyaka shi ne hukunci. Wannan kamannin ne ya sa binciken tunkurin nan na 2012 ya ja hankalin mutanen da ba ruwansu da zuma.

Malam Habu: Jama'a, na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Bayan la'asar na je gona na duba akwatin da idon mai leƙe, kamar yadda Bulus ya kwatanta. Ƙofar da kafinta ya yanka ta kai faɗin tafin hannuna. Murfin bai zauna daidai ba, da na leƙa ciki sai na ga haske yana shigowa ta gefe biyu, iska ma haka. Na ɗora shi a kan bulo biyu ne kawai, kuma na tarar da jerin kiyashi yana hawa ta ƙafa ɗaya. Na kuma hau tudun na ga tsagin dutsen: bakinsa bai fi yatsu biyu ba, yana sama da kaina, kuma akwai tsohon baƙin kaki a gefensa, alamar an taɓa zama a ciki. Gobe zan rage ƙofar, in toshe gefen murfin, in yi masa ƙafafu masu tsayi in sa su cikin gwangwanayen baƙin mai saboda kiyashi. Baba Audu, idan kana da tsohuwar saƙa da za ka iya ba ni, zan shigo Toro ranar Asabar da safe.

Baba Audu: Akwai ta, ɗana. Ka zo da wuri kafin in fita gona, kuma ka taho da murfin in ga yadda aka haɗa shi.